Waiwaye: Tun Yaushe Asusun Agajin Duniya Ya Fara Tsiyaya?

Tun daga farkon shekarar 2025 ake ta muhawara a kan zaftare kuɗin agajin jinƙai da manyan ƙasashen duniya suka yi, kuma akasarin masu tofa albarkacin bakinsu suna maganar ne tamkar wata masifa da ta auko dare ɗaya. Akwai dalilin da ya sa ake ganin haka. A watan Janairu Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje na tsawon kwana 90, kafin ƙarshen Maris an soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumarta ta raya ƙasashe, USAID, a Fabrairu Birtaniya ta sanar da cewa za ta rage nata kason domin ƙara wa fannin tsaro, Jamus kuma ta yanke kasafin agajin gaggawa da kusan rabi. Sai dai duk wanda ya bi diddigin lissafin waɗannan kuɗaɗe zai tarar cewa asusun ya daɗe yana tsiyaya kafin a kai ga wannan matakin.

Farkon labarin sananne ne. A 1970 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa ƙasashe masu arziki su riƙa ware kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigarsu domin tallafa wa ƙasashe matalauta, wato kwabo 70 a cikin kowace naira 100, amma ƙasashe ƙalilan irin su Suwidin da Norway da Denmak da Holan da Luxembourg ne suka riƙa cika wannan alkawari. A 1991 aka kafa tsarin haɗa kan ayyukan jinƙai wanda ake bi har yau, inda Majalisar ke gabatar da ƙoƙon bara guda ɗaya, kowace ƙasa ta saka abin da ta ga dama. A 2005 manyan ƙasashe takwas suka taru a Gleneagles da ke Scotland suka yi alkawarin ninka tallafin Afirka, a 2015 kuma Birtaniya ta mayar da kason nan na 0.7 doka.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne wata ƙa'idar lissafi da ƙasashe masu ba da tallafi suka amince da ita a tsakaninsu tun 1988. Ƙa'idar ta ba kowace ƙasa damar ta lissafa kuɗin da ta kashe a cikin gidanta wajen ciyar da 'yan gudun hijira da ba su masauki, a watanni 12 na farkon zuwansu, a matsayin tallafin ƙasashen waje. A lokacin da aka yi ta ba wanda ya damu, domin kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kuma hujjar tana da kyau a baki: ɗan gudun hijira mabuƙaci ne ko yana sansani a Kenya ko yana tsakiyar Turai. Haka ƙa'idar ta zauna shiru a cikin kundi fiye da shekara 20.

Yaƙin Siriya ne ya farkar da ita, kuma yadda abubuwa suka biyo juna a lokacin ya cancanci a tsaya a kansa. A Disamban 2014 Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta dakatar da katin sayen abinci na 'yan gudun hijirar Siriya miliyan 1.7 na ɗan lokaci saboda rashin kuɗi. A Lebanon, katin da ke ɗauke da dala 27 ga kowane mutum a wata ya koma dala 19, a tsakiyar 2015 kuma ya koma dala 13.5, kuɗin da idan aka raba su bisa kwanakin wata ba su kai rabin dala a yini ba. A cikin wannan shekarar ce mutane fiye da miliyan ɗaya suka tsallaka tekun Bahar Rum zuwa Turai. Ba yunwa kaɗai ta kore su ba, amma da wuya a ce ba ta da hannu. Da suka isa, sai ƙasashen da suka karɓe su suka buɗe wancan tsohon kundi, kuɗin da aka lissafa ta wannan hanya suka kai kusan dala biliyan 12 a 2015, suka haura biliyan 15 a 2016, har Suwidin ta kashe kimanin kashi ɗaya bisa uku na tallafinta na 2015 a cikin iyakokinta.

Karɓar wanda ya gudo daga yaƙi wajibi ne, kuma ƙasashen da suka buɗe ƙofofinsu sun yi abin a yaba. Tambayar ita ce daga wane aljihu aka biya. A ƙasar da ta ƙayyade tallafinta da wani kaso na kuɗin shiga, duk abin da aka kashe a gida ana cire shi ne daga abin da zai fita waje, alhali jimillar da ake sanarwa a ƙarshen shekara ba ta ragu ba, wani lokaci ma ƙaruwa take yi. Ga kuma tazarar tsada, domin abin da zai biya wa mutum ɗaya ɗakin kwana na dare guda a wani birnin Turai ya isa ya ciyar da iyali na makonni a sansanin Dadaab na Kenya ko a gabashin Chadi. Ya kamata a sani cewa ƙa'idar izini ta bayar, ba tilas ta yi ba, shi ya sa Luxembourg da Ostareliya ba sa saka waɗannan kuɗaɗe a lissafinsu. An yi wa ƙa'idar ƙarin bayani a 2017, amma ba a taɓa tushenta ba.

Shekarar 2022 ce ta nuna girman abin ƙarara. Bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, alƙaluman farko da OECD, ƙungiyar ƙasashe masu arziki da ke ƙididdige tallafin, ta fitar sun nuna cewa tallafin duniya ya kai dala biliyan 204, adadin da ba a taɓa gani ba, aka yi ta murna. Amma a ciki akwai biliyan 29.3 da ba su bar ƙasashen masu bayarwa ba, wanda ya zarce biliyan 22 da 'yan kai da aka kashe a kan agajin gaggawa a duniya baki ɗaya, yayin da tallafin kai tsaye ga ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya ragu da kusan kashi 8 cikin 100. A Birtaniya, wadda ta riga ta sauko zuwa kashi 0.5 tun 2021, an kashe fam biliyan 3.7 na kasafin tallafi a cikin gida, kusan ninki uku na abin da ta aika Afirka kai tsaye.

Sakamakon ya bayyana a 2023, tun kafin kowa ya fara maganar zaftarewa. Kuɗin da Hukumar Samar da Abinci ta samu sun faɗo daga sama da dala biliyan 14 zuwa biliyan 8 da ɗoriya cikin shekara guda. 'Yan gudun hijirar Rohingya da ke sansanonin Cox's Bazar a Bangladesh sun ga rabonsu ya sauko daga dala 12 a wata zuwa 10, sannan zuwa 8. An cire mutum miliyan 10 daga jerin masu karɓar abinci a Afghanistan, aka cire miliyan 2.5 a Siriya, kuma ko rabin abin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta nema a shekarar ba a samu ba.

Wani raunin da ya haɗu da wannan shi ne dogaro da masu bayarwa ƙalilan, domin a 2024 Amurka ita kaɗai ta samar da sama da kashi 40 cikin 100 na kuɗin jinƙai da Majalisar ta ƙididdige. A taron ƙolin jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 an yi alkawarin miƙa kashi 25 cikin 100 na kuɗin ga ƙungiyoyin agaji na ƙasashen da ake tallafa wa kafin 2020, wa'adin ya zo ya wuce ba a kai ko kusa ba. Saboda haka lokacin da manyan masu bayarwa suka ja baya a tare babu wata madogara, dole a Yunin 2025 Majalisar ta taƙaita buƙatarta zuwa dala biliyan 29 domin mutum miliyan 114 da suka fi shiga uku. Wata guda bayan haka aka yi gargaɗin cewa abincin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabashin Najeriya na gab da yankewa, kuma fiye da cibiyoyi 150 na kula da yara masu tamowa a jihohin Borno da Yobe na fuskantar rufewa. Muhawarar da ake yi yanzu ta fi karkata ga ko za a maido da abin da aka yanke, amma ƙa'idar 1988 tana nan daram, kuma ko a cikin ragowar kasafin ana ci gaba da lissafa kuɗin da ake kashewa a gida.