Tuƙin mota mai ja da baya a cikin dusar ƙanƙara

Mota mai ja da baya ita ce wadda ƙarfin injinta ke zuwa ga tayoyin baya, su ke tura ta, na gaba kuwa aikinsu bin sitiyari. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe hanyoyi da hunturu, kamar Kanada, Rasha, Siwidin, Finlan da arewacin Amurka, an san irin wannan mota da saurin watsa baya idan hanya ta yi santsi. Duk da haka, shekaru da dama mutanen waɗannan ƙasashe da ita suka yi ta ratsa hunturu, kuma dabarun da suka koya su ake koyarwa har yau.

Dalilin zamewa

Taya tana kama ƙasa ne gwargwadon nauyin da ke danne ta. A motar da ke ja da gaba, inji da giya suna zaune a kan tayoyin da ke jan, har kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar yakan kasance a gaba. A mai ja da baya kuwa injin galibi yana gaba, tayoyin da ake nema su tura motar suna baya inda nauyi bai kai haka ba. Abin ya fi tsanani ga a-kori-kura idan babu kaya a bayanta. Kamun taya a kan dusar da ta danƙare bai fi kashi ɗaya cikin uku na kamunta a busasshiyar kwalta ba, a kan ƙanƙara mai sulɓi kuma ya fi haka raguwa sosai. Da zarar direba ya ba da wuta fiye da abin da tayoyin baya za su iya ɗauka, sai su yi ta juyawa a banza, su daina riƙe motar a layinta, bayan ya fice gefe. A kwana, wannan na iya juya motar gaba ɗaya ta fuskanci inda ta fito.

Tarihi

Tsarin inji a gaba da ja a baya ana danganta shi da kamfanin Panhard et Levassor na Faransa, wajen shekarar 1891. Shi ya zama tsarin yawancin motoci har fiye da rabin ƙarni, ciki har da Ford Model T ta 1908. Ke nan direbobin farko da suka fuskanci dusar ƙanƙara kusan dukansu a kan mai ja da baya suke, kuma maganin da suka fara nema a ƙafar motar ne. A 1904 Harry Weed na jihar New York ya yi rajistar sarƙar da ake ɗaura wa taya. A 1934 wani kamfanin roba na Finlan, wanda a yau ake kira Nokian, ya fitar da tayar hunturu ta farko domin manyan motoci, sannan a 1936 ya fitar da taya mai suna Hakkapeliitta domin ƙanana. Tayoyi masu ƙusoshi sun bazu ne a wajen farkon shekarun 1960.

Jan gaba ya fara samun karɓuwa da Citroën Traction Avant ta 1934, ya ƙara ƙarfi da Mini ta 1959, sannan bayan tsadar man fetur ta 1973 ya mamaye kasuwar ƙananan motoci. Amma ba duk mai ja da baya ce ke shan wahalar dusa ba. Volkswagen Beetle, da yake injinta a baya yake a kan tayoyin da ke tura ta, ta yi suna wajen hawan tudu mai santsi. Volvo 240 kuma, wadda aka ƙera daga 1974 zuwa 1993, mai ja da baya ce, kuma da ita ɗimbin iyalai a Siwidin suka yi zirga-zirgarsu ta hunturu, bisa tayoyi masu kyau.

Babban sauyi ya zo da na'urorin lantarki. Birkin ABS, mai hana taya kullewa, ya shiga motar Mercedes-Benz a 1978 da haɗin gwiwar Bosch. A 1995 kamfanonin biyu suka fito da ESP, wadda ke gane motar ta fara kauce wa inda sitiyari ke nufa, sai ta taka birkin taya guda, ta rage ƙarfin inji. Amurka ta wajabta ta ga sababbin motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamba 2014. Mota mai ja da baya ta amfana da wannan na'ura ƙwarai.

Tayoyi

Tayar hunturu robarta ba ta sandarewa a sanyi, zanenta kuma cike yake da ƙananan tsage masu cizon dusa. Ana ba da shawarar sa ta idan sanyi ya sauka ƙasa da maki 7 a ma'aunin Salshiyas. Ana gane ta da hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusa a tsakiya. Huɗu ake sawa. Wanda ya sa biyu a baya kaɗai zai samu motar tana tashi lafiya, amma gabanta ba zai bi sitiyari ba, birki kuma ba zai kama yadda ya kamata ba. Sarƙa kuwa a tayoyin baya ake ɗaura ta, a yi tafiya a hankali.

Yadda ake tuƙin

Komai a tausashe ake yinsa: totur, birki, sitiyari. A tashi, direban mota mai kulochi yakan fara da giya ta biyu don rage ƙarfin da ke isa ƙasa, wasu masu atomatik kuma suna da maɓallin dusa mai yin wannan aikin. Ana rage gudu tun kafin a shiga kwana, ba a ba da wuta sai sitiyari ya fara miƙewa. Tudu ana tunkararsa da ɗan gudu madaidaici, ba a tsayawa a tsakiya. A gangare giya ta ƙasa ake bi, sai dai sauke giya da gaggawa na iya sa tayoyin baya su zame. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya yi gargaɗin cewa nisan tsayawa a kan ƙanƙara na iya ninka na busasshiyar hanya sau goma, don haka tazara mai yawa wajibi ce.

Idan baya ya fice, direba ya sassauta totur sannu a hankali, ya kafa ido inda yake son zuwa, ya juya sitiyari zuwa ɓangaren da bayan ya zame, sannan ya mayar da shi da zarar motar ta fara daidaita. Jinkirin mayarwa shi ke sa ta watsa zuwa ɗaya gefen, kuma wannan karo na biyu ya fi haɗari. A birkin gaggawa da ABS, a danna da ƙarfi a riƙe, ko da ƙafa na jin yana kakkarwa.

Motar da ta maƙale ana share dusar da ke jikin tayoyinta, a zuba yashi, a riƙa kai ta gaba da baya kaɗan-kaɗan. Dole a duba bakin salansa, domin idan dusa ta toshe shi hayaƙi mai kisa, wanda ba a jin warinsa, yana iya taruwa a cikin motar.

Ƙara nauyi a baya

Tsohuwar dabara ce a sa buhunan yashi a but. Masu goyon baya suna cewa yana ƙara kamu wajen tashi, masu suka suna cewa yana tsawaita birki. An fi yarda cewa idan za a sa, a aza shi daidai kan tayoyin baya, a ɗaure shi da kyau.

Dokoki

Lardin Kebek na Kanada ya wajabta tayoyin hunturu tun 2008, Jamus kuma tana wajabta su duk lokacin da hanya ke da dusa ko ƙanƙara. Jamus ta hana tayoyi masu ƙusoshi, Japan ma ta taƙaita su da dokar 1990 saboda ƙurar kwalta da suke tayarwa.