Halaccin mulki

Halaccin mulki shi ne yardar da jama'a suke yi har cikin ransu cewa wanda ke kan kujera yana da haƙƙin ba da umarni a bi, ba wai dan tsoron bindiga kawai ba. Ɗan fashi ya karɓe maka kuɗi, jami'in haraji ma ya karɓa, amma ɗaya ƙararsa kake kaiwa ɗayan kuma rasit kake jira ya miƙo maka, to wannan bambancin shi masana siyasa ke nufi. Haka ɗan sanda ɗaya tilo a tsakiyar titi, ya ɗaga hannu tirela ta ci burki, ai kowa ya san ba ƙarfin hannun ne ya tsayar da ita ba.

Inda aka sha bamban shi ne daga ina haƙƙin yake fitowa. Ibn Khaldun, masanin tarihi na Arewacin Afirka, a 1377 ya ɗora abin kan asabiyya, wato haɗin kan jama'a, da shi ake kafa daula kuma in jin daɗi ya yi yawa sai ya yi sanyi daular ta ruguje. Masanin falsafa Thomas Hobbes da ya rayu zamanin yaƙin basasar Ingila ya rubuta a 1651 cewa in babu hukuma kowa abokin gabar kowa ne, gara a miƙa wuya ga mai iko guda ko da ya cika tsanani. John Locke, shi ma masanin falsafa ɗan Ingila, bai yarda ba, a 1689 ya ce mulki amana ce mutane suka bayar dan a kare musu rai da 'yanci da dukiya, wanda ya ci amanar kuwa suna da damar kawar da shi, kuma irin wannan hujjar Amurkawa suka kafa a 1776 da suka ɓalle daga Birtaniya.

Rabe-raben da aka fi koyarwa dai na Max Weber ne, Bajamushe masanin zamantakewa da ya rasu a 1920. Ya ce ko dai a bi shugaba saboda gado da al'ada, ko saboda kwarjininsa, ko saboda doka, inda ofis ake yi wa biyayya ba mutumin da ke ciki ba. Na kwarjinin ya fi ɗaukar hankali amma gaskiya shi ya fi rauni, dan ba a gadonsa, ranar da mai shi ya mutu sai magoya baya su shiga neman yadda za su mayar da mulkin ya zama sarauta ko su rubuta shi ya zama doka.