Tantance hanyoyin auna iskar kulorin a wurin aiki

Tantance hanyar awo shi ne gwajin da ake yi wa ita kanta hanyar, kafin a yarda da lambar da take bayarwa. A batun kulorin, ana son sanin ko abin da na'ura ta ce yana cikin iskar da ma'aikaci ke shaƙa shi ne ainihin abin da ke ciki.

Kulorin iska ce mai launin kore-kore da ɗorawa, mai wari mai sarƙe maƙogwaro, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan sau biyu da rabi. Shi ya sa idan ta tsiyaye daga tukunya take kwantawa a ƙasa da cikin ramuka. A ƙasar Kano da Jigawa an fi haɗuwa da ita a gidajen ruwa, manya irin na Tamburawa da Watari, da ƙananan da ke ƙauyuka, inda ma'aikaci ke dama garin kulorin a bokiti cikin ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Mutane kan ce hanci ya isa ya gane. Bai isa ba, domin hanci yana sabawa da wari, kuma ba ya faɗin adadi.

Hukumar OSHA ta Amurka, mai kula da lafiya da kariyar ma'aikata, ta sa iyakar da ba a ƙetarewa a kashi 1 cikin miliyan na iska. Cibiyar NIOSH, mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka, ta ba da shawarar rabin haka, ta kuma ɗauki kashi 10 cikin miliyan a matsayin haɗari ga rai nan take. Adadi ne ƙanƙani ƙwarai, ɗan kuskure ma sai ya sauya hukunci.

Hanyoyi biyu sun shahara. A ta OSHA mai lamba ID-101, ana maƙala wa ma'aikaci ɗan inji a ƙugu, ya riƙa zuƙo iska daga kusa da wuyan rigarsa zuwa cikin kwalba mai ruwan sinadarin salfamik, wanda ke kama kulorin. A ta NIOSH mai lamba 6011, iskar na bi ta wani siririn faifan azurfa, sannan a wanke shi a ɗakin gwaje-gwaje a auna. Ana sa faifan a cikin baƙin mazubi, saboda haske na lalata abin da ya kama.

Wajen tantancewa, masana na haɗa iska mai sanannen adadin kulorin, ƙasa da iyaka, daidai iyaka, da ninkinta, su ɗauki samfuri da dama a kowane mataki. Suna duba ko wani abu ya zarce bai kamu ba, da ko wasu iskoki sun rikita sakamako, da ko samfurin zai jure ajiya na makonni. Ma'aunin NIOSH shi ne, cikin awo 100, aƙalla 95 kada su kauce wa gaskiya da fiye da kashi 25 cikin ɗari.

Sai dai hanyar da ta ci jarrabawa a ɗaki mai sanyi a Amurka ba lallai ta yi daidai a Ringim ko Birnin Kudu ba. Zafin bazara a nan kan haura digiri 40, ruwan kwalbar yana ƙafewa da sauri. Ƙurar hunturu na toshe matata, inji ya rage zuƙa ba tare da an lura ba. Danshin watan Agusta kuma wani abu ne daban. Ga nisan hanya: samfuri na iya yin wuni a bayan mota kafin ya kai birni. Don haka ya kamata a auna ƙarfin zuƙar inji kafin aiki da bayansa, a kuma tafi da samfurin da ba a zuƙa iska ta cikinsa ba, ya sha rana da ƙura tare da sauran, don a ga abin da tafiyar kaɗai ta ƙara ko ta rage.