Waiwaye: Ta Ina Mai Binciken Kisa Ya Shiga Tsohuwar Rum?

Gardama ba ta ƙarewa tsakanin masu karanta ƙagaggun labaran binciken kisa da ake ginawa a kan tsohuwar daular Rum. Wasu na cewa rufa-ido ne kawai: an ɗauko ɗan sandan ciki na Amurka, an tuɓe masa hula da kwat, an yafa masa mayafin Rumawa, an sake shi a lungunan birni. Hujjarsu ba ta wasa ba ce, don Rumawa ba su taɓa kafa hukumar binciken laifi ba. Wasu kuma na cewa ai labari labari ne, mai son tarihi ya nufi makaranta. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu daga tsakiya suka kama zancen.

Tarihin da aka saba bayarwa gajere ne. A 1934 marubuci Robert Graves ya nuna cewa labarin makircin fadar Rum na da kasuwa. A 1977 Ellis Peters ta fito da wani ɗan zuhudu mai warware kisa a Ingila ta ƙarni na 12, Umberto Eco ya biyo baya a 1980. Daga nan ƙofa ta buɗe wa Rum: Lindsey Davis ta kawo jarumin littattafanta Falco a 1989, John Maddox Roberts ya zo a 1990, Steven Saylor ya kawo nasa jarumin, Gordianus, a 1991. Falco kaɗai ya kai littafi 20. Kowa ya san wannan.

Abin da ake tsallakewa ya girme su da shekara dubu biyu.

A wajajen shekara ta 81 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a zamanin Sulla, shugaban mulkin kama-karya na Rum, aka yi doka da ta tsara kotu ta dindindin kan kisa da ba da guba. An yi kotu, amma ba a yi mai gabatar da ƙara na gwamnati ba. Idan aka kashe maka uba, kai ko wani ɗan ƙasa ne zai miƙe ya ce ga wanda nake tuhuma, shi zai nemo shaidu, shi zai tara hujja. In ba wanda ya miƙe, shi ke nan, jini ya tafi a banza.

Shekara na zagayowa aka kawo wa wannan kotu shari'ar Sekstus Rosiyus, manomi daga garin Ameriya, wanda yau ake kira Amelia a Italiya. An kashe mahaifinsa da dare a birnin Rum, kusa da wani gidan wanka, yana komawa daga liyafa. Kafin gari ya waye labari ya isa Ameriya: wani ya yi tafiyar mil 56 na Rumawa cikin sa'o'i goma na dare, amma ba gidan ɗan mamacin ya nufa ba. Daga baya sunan mamacin ya bayyana a jerin waɗanda aka halatta ƙwace dukiyarsu bayan yaƙin basasa, alhali an riga an rufe jerin. Dukiyar da ta haɗa da gonaki 13, wadda lauyan ɗan ya ce ta kai kuɗin Rum miliyan shida, aka sayar a kan dubu biyu. Sannan aka juyo aka ce ɗan ne ya kashe ubansa. Hukuncin wannan laifi kuwa, a ɗinke mutum cikin buhun fata a jefa a kogi.

Manyan lauyoyi suka noƙe. Wanda ya karɓa yaro ne ɗan shekara 26, Sisero. Bai tsaya ga wanke wanda yake karewa ba. Ya bi sawun kuɗin, ya bi sawun ɗan aiken dare, ya riƙa maimaita tambayar da ya ce wani tsohon alƙali, Lusiyus Kasiyus, ya saba yi: wa ya ci riba? Aka sallami Rosiyus.

Duk wanda ya karanta jawabin nan zai ga ƙashin bayan labarin bincike a tsaye: gawa a titi, gado, wanda aka ɗora wa laifi, da tambaya ɗaya mai buɗe ƙulli. Kuma dole a tambaya, wa ya auna sa'o'in tafiyar nan? Wa ya je ƙauye ya ji bakin mutane? Jawabin Sisero kaɗai ya rage, na mai ƙara ya ɓace. Cikin wannan giɓi Saylor ya dasa jaruminsa, a kan wannan shari'ar ya gina littafinsa na farko. Davis kuma ta ari wata sana'a ta gaske, ta masu kai tsegumi kotu, waɗanda a wasu laifuffuka ake yanka musu kaso daga dukiyar wanda aka kama. Rumawa sun tsane su, ba shakka. Ko rundunoni bakwai na masu gadin dare da Sarki Agustus ya kafa a shekara ta 6 miladiyya ba su cike giɓin ba, don galibin aikinsu na 'yan kwana-kwana ne da sintiri.

Ke nan aikin ya wanzu, sunan ne bai wanzu ba. Inda masu suka ke da gaskiya wani wuri ne daban, wato zuciyar jarumin. A dokar Rum shaidar bawa ba ta karɓuwa sai an gana masa azaba. A shari'ar Rosiyus akwai bayi biyu da ke tare da mamacin daren da aka kashe shi, kuma kukan Sisero shi ne an ƙi miƙa su a yi musu irin wannan tambaya. Bai ji kunyar faɗa ba, masu sauraro ma ba su ga abin kunya ba. Jaruman littattafan yau kuwa, da an zo wannan gaɓa sai ka ga sun kau da kai, ko su ja bawan gefe su ba shi ruwa su tambaye shi a hankali.