Joseph Shanahan

Joseph Shanahan (1871–1943) bishof ne na ɗariƙar Katolika, ɗan ƙasar Ailan, wanda ya shafe kusan shekara 30 yana aikin mishan a kudancin Najeriya. An fi saninsa da yaɗa makarantun firamare a ƙauyukan ƙasar Ibo, aikin da ya sa yankin ya zama ɗaya daga cikin wuraren da Katolika suka fi yawa a Afirka.

An haife shi ranar 6 ga Yuni, 1871, a Glankeen da ke gundumar Tipperary. Iyayensa talakawa ne. A 1886 ya tafi Faransa karatu a hannun Ƙungiyar Ruhu Mai Tsarki, wata ƙungiyar mishan ta Katolika, ya zauna can fiye da shekara 10, sannan ya dawo gida ya koyar a kwalejin Rockwell. An naɗa shi fada, wato limamin Katolika, a 1900, kuma a 1902 ya sauka a Onitsha, a bakin kogin Neja.

Ya iske mishan ɗin Katolika na can da ƙyar yake numfashi. Tun 1885, lokacin da Fada Joseph Lutz ya kafa shi, dabarar da ake bi ita ce a fanshi bayi, a tara su da marayu da waɗanda jama'a ta ƙi, a yi musu unguwa ta daban da ake kira ƙauyen Kirista. Aikin jinƙai ne na gaske, amma ya jawo wa cocin raini. Ɗan gari mai asali ba ya son a gan shi cikin addinin da ake ɗauka na bayi ne. Ga zazzaɓi yana ta kashe fadoji, ga mishan ɗin Angilika, wanda ya riga su zuwa tun 1857, ya yi musu nisa.

Shugaban mishan ɗin na lokacin, Fada Léon Lejeune, shi ya fara karkata zuwa ga makaranta, kuma bai kamata a tauye masa wannan haƙƙi ba. Da ya rasu a 1905, aka ɗora wa Shanahan shugabanci, shi kuwa ya mai da makaranta ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Ya riƙa kutsawa cikin ƙauyuka a ƙasa, wani lokaci a keke, yana zama da dattawa. Idan an daidaita, mutanen gari ne za su gina ɗakin karatu, su kuma ɗauki nauyin malami. Malamin nan yana koyar da karatu da lissafi a ranakun mako, ran Lahadi ya ja addu'a a ɗaki guda, ya shirya masu neman baftisma kafin fada ya zagayo. Da fadoji 'yan kaɗan aka riƙe ɗaruruwan ƙauyuka ta wannan hanya, kuma mafi yawan wahalar malaman nan 'yan ƙasa ne suka sha ta. Don horar da su aka buɗe makarantar horon malamai a Igbariam a 1913, wadda daga baya ta koma Onitsha.

Abin da ya sa dabarar ta ci shi ne ta dace da buƙatar mutane. Turawan mulki sun kafu, ana neman akawu da tafinta da ma'aikacin kamfani, duk wanda ya iya Turanci ya samu abin yi. Makarantun Shanahan sun ba Turanci muhimmanci, sai gari ya riƙa gasa da gari wajen neman malami. Wannan kuma shi ne inda masu suka suke kama shi: suna ganin an bar harshen Ibo a baya, kuma makaranta ta zama fagen kishi tsakanin Katolika da Angilika, har ta raba kan dangi. Ya kuma sha tambayoyi daga Rum, hedkwatar cocin Katolika, saboda kuɗin da ake aiko masa don fansar bayi yana zuba su a makarantu. Hujjarsa ita ce ilimi ne zai tumɓuke bauta daga tushe.

A 1920 aka naɗa shi bishof a Maynooth ta ƙasar Ailan, aka ba shi riƙon Kudancin Najeriya. Ya yi amfani da wannan tafiya ya nemi matasan fadojin Ailan su zo taimako. Cikin waɗanda suka amsa akwai Patrick Whitney, wanda ya kafa Ƙungiyar Mishan ta Waliyyi Patrick a 1932. Ilimin 'ya'ya mata ma ya dame shi ƙwarai, domin ya lura samarin da suka yi karatu ba sa samun matan da suka yi. Shi ya sa a 1924 ya kafa ƙungiyar sistoci ta Holy Rosary a Killeshandra ta ƙasar Ailan, waɗanda suka iso Onitsha a 1928. A 1930 ya naɗa John Cross Anyogu, fada na farko daga cikin Ibo na gabashin kogin Neja.

Ciwon ido da raunin jiki suka tilasta masa ajiye aiki a farkon shekarun 1930, Charles Heerey ya gaje shi. Ya so ya ƙarasa rayuwarsa a Najeriya, hakan bai yiwu ba. A 1938 ya koma Nairobi ta Kenya, inda ya rasu ranar Kirsimeti ta 1943. A 1956 aka ɗauko ƙasusuwansa aka sake binne su a babban cocin Holy Trinity da ke Onitsha. Cocin Katolika ya buɗe binciken da kan kai ga sanya mutum cikin waliyyai a kansa.

Makarantun da ya assasa sun ci gaba a hannun coci har ƙarshen yaƙin basasa. A 1970 gwamnatin Jihar Gabas ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan, aka kuma kori fadojin Ailan da dama daga ƙasar. A zamanin gwamna Peter Obi jihar Anambra ta mayar wa coci-coci makarantu masu yawa daga cikinsu.