Jerin Gwanayen Yara a Wasan Lakros: Yana Nuna Wanda Zai Ɗauki Kofi?

Wane wasa ne lakros, kuma wane jeri ake nufi?

Wasa ne na 'yan asalin Arewacin Amurka, musamman al'ummar Haudenosaunee. Ana yin sa da sanda mai 'yar raga a baki, da ita ake cafe ƙwallo a jefa, kuma a wasan maza mutum 10 ne kowane ɓangare. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta fara gasar jami'o'i ta maza a 1971. Duk shekara mujallar Inside Lacrosse ta birnin Baltimore kan jera yaran sakandare 100 da take ganin sun fi iyawa, sannan ta faɗi jami'ar da ta fi kowa kwasar gwanaye.

To, wadda ta zo ta ɗaya a jerin ita ke cin kofi?

Ba lallai ba, kuma ko za ta ci, sai an yi haƙuri. A 2022 jami'ar Syracuse ta sha kashi a wasa 10 cikin 14. A shekarar ta ɗauki rukunin da aka sa a matsayi na ɗaya, har da Joey Spallina, yaron da ke saman jerin. Magoya baya suka ɗauka an gama. Sai ga shi a 2023 ko shiga gasar NCAA ba su yi ba. Sai a 2025, yaran na shekara ta uku, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, Maryland ta yi waje da su.

Na Duke ya fi ban takaici. Brennan O'Neill ya shigo a matsayin na ɗaya, kuma bai ba masu jerin kunya ba, don shi ya lashe kyautar Tewaaraton ta gwarzon shekara a 2023. Amma a wasan ƙarshe na shekarar Notre Dame ta doke su da ci 13 da 9, har ya gama karatu bai taɓa kofin ba.

Ke nan aikin banza ne?

A'a. Cikin kofuna 14 da aka ɗaga daga 2010 zuwa 2024, Duke da Virginia da Maryland da Notre Dame sun raba 10 a tsakaninsu, kuma su ne dai ake yawan gani a saman jerin. Sai dai ni ina da ɗan shakku: yaron da babbar jami'a ta nema, da wuya mai jeri ya ajiye shi a ƙasa. Wani lokaci sunan makarantar ne ke ɗaga yaro.

Me ke sa masu jerin yin kuskure?

Babban dalili shekaru. Kafin 2017 kociyoyi kan karɓi alƙawarin yara 'yan shekara 14, waɗanda ko gemu ba su fara ba. A watan Afrilun shekarar NCAA ta hana tuntuɓar yaro kafin 1 ga Satumba na ajinsa na kusa da ƙarshe. Duk da haka jiki ba ya bin kalanda. Pat Spencer ɗan ƙarami ne a farkon sakandare, manyan jami'o'i suka wuce shi. Ya tafi Loyola, ya ci Tewaaraton a 2019, daga baya ma ya buga ƙwallon kwando a Golden State Warriors.

Akwai kuma guraben da mutum ɗaya ke juya wasa, kamar mai tsaron raga da mai kokawar ƙwallo a tsakiyar fili bayan kowane ci. Trevor Baptiste, gwanin kokawar ƙwallo a tsakiyar fili, saura ƙiris ya tafi ƙaramar kwalejin Franklin & Marshall, Denver ta ɗauke shi a makare. A shekararsa ta farko, 2015, suka ci kofi.

Sauya sheƙa fa, ya taɓa lissafin?

Ƙwarai. Tun da NCAA ta buɗe rajistar masu neman sauya makaranta a 2018, ga kuma ƙarin shekara da aka ba 'yan wasa saboda korona, koci na iya cike giɓi da ƙwararre maimakon jiran yaro ya girma. Maryland ɗin da ta ci wasanninta 18 duka a 2022 tana da Keegan Khan daga Villanova da Jonathan Donville daga Cornell, kuma babu wanda aka lissafa mata cikinsu lokacin da suke barin sakandare.