Idan Windows ta hana ka shiga asusunka a netwok ɗin wurin aiki

Kalmar sirrina daidai take, don me kwamfuta ta ƙi ni?

Shiga mataki biyu ne. Da farko sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da asusun ma'aikata, ta duba sunanka da kalmar sirrinka ta amince. Daga nan Windows ta ɗauko furofayil ɗinka, wato foldarka da ke cikin C:\Users mai ɗauke da fayilolinka da duk saitunanka. A cikinta akwai wani ɓoyayyen fayil, NTUSER.DAT, mai ajiye saitunanka, kuma shi ne ƙashin bayan abin. In ya lalace, ko wata manhaja ta riƙe shi, sai ka ga "User profile cannot be loaded" a allo, ta mayar da kai inda ka fito.

Me ke lalata shi?

Galibi ɗaukewar wuta ko kashe kwamfuta da ƙarfi daidai lokacin da take rubutu a fayil ɗin. Akwai cikar faifai ko lalacewarsa, akwai kuma manhajar kariya daga bairos da kan damƙe fayil ɗin tana bincike.

Na samu shiga, amma allon fayau, babu komai nawa. Fayilolina sun tafi ke nan?

Kwantar da hankalinka, yawanci suna nan. Windows ce ta kasa buɗe naka, sai ta ba ka na aro a folda mai suna TEMP. Hatsarin yana nan: duk abin da ka ajiye a wannan na aron, kana fita ya goge. Mutum sai ya wuni yana aiki a ciki, washegari ya tarar babu ko layi ɗaya. Don haka kada ka ajiye komai. Sake kunna kwamfutar sau ɗaya ko biyu tukuna, in riƙe fayil ɗin aka yi, wannan kaɗai kan isa.

Ta yaya mai kula da na'urori zai gane inda matsalar take?

A ganina wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali bai kai minti biyar ba. A sa mutumin ya shiga ta wata kwamfutar, a kuma sa wani ya shiga ta tasa. In ya shiga can lafiya, cutar tana kwamfutarsa. In ta bi shi duk inda ya je, a duba kwafin furofayil ɗin da ke kan sabar, in ana ajiye shi a can, a foldar da kan ƙare da .V6 a sababbin Windows, da izinin shiga cikinta. In kuwa wanda bai taɓa shiga kwamfutar ba ma ya kasa shiga, a zargi foldar Default, don daga ita ake kwafo kowane sabon furofayil. Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, ma na ba da shaida: lamba 1511 na nufin an ba da na aro, 1508 kuwa an kasa loda rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows.

To, gyaran fa?

A shiga da asusun admin, a fara kwashe fayilolin mutumin zuwa wani wuri. Sannan a buɗe regedit, manhajar gyara rajista, a je ProfileList da ke ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows NT\CurrentVersion, a adana kwafinsa kafin a taɓa komai. Asusun kowane mutum yana da doguwar lamba mai farawa da S-1-5-21. In ka ga biyu iri ɗaya, ɗaya da .bak a wutsiya, duba ProfileImagePath: mai .bak ɗin ne yawanci ke nuna foldar gaskiya. Sauya wa marar .bak ɗin suna, cire .bak daga ɗayan, mayar da State da ke cikinsa zuwa 0, ka sake kunnawa.

In hakan bai yi ba, in goge foldar kawai?

A'a, don Allah. Goge folda da hannu yana barin bayaninta a rajista, kuma hakan kansa yana haifar da wannan matsalar. A cire furofayil ɗin ta User Profiles da ke cikin System Properties, bayan an tabbatar kwafin fayilolin yana hannu. Mutumin ya sake shiga, Windows ta gina masa sabo, a dawo masa da takardunsa, hotunansa da fayilolin Outlook masu ƙarewa da .pst. Tsohon NTUSER.DAT kam kada a dawo da shi.